Masaukin baƙi a Timiya, garin garake cikin duwatsun Abzin

Manoman Damargu da na Tasawa sun san Abzinawa tun kaka da kakanni. Kowace shekara, bayan an kai hatsi rumbu, ayarin raƙuma yakan sauko da kantun gishiri da dabinon Bilma, ya koma da gero. Da yawa daga cikin masu waɗannan raƙuma mutanen Timiya ne. Amma kaɗan ne cikin mutanen kudu suka taɓa ganin garinsu.

Timiya tana cikin jihar Agadas, kamar kilomita 220 arewa maso gabas da birnin. Hanyar ba shimfiɗaɗɗiya ba ce, dutse ne da rairayi. Mota takan yi yini guda kafin ta isa. Tana ratsa Elmeki, inda aka daɗe ana haƙar kuza. Matafiyi yakan gaji da ganin baƙin dutse hagu da dama. Sai can da la'asar ya hangi kan dabino, ya san an iso.

Masauki

Masaukin baƙi na ƙauyen Abzin ba irin otel ɗin Yamai ba ne. Ɗakuna ne na ƙasa da dutse, da rumfa, da tabarma, da tulun ruwa. Da baƙo ya sauka, sai a ba shi ruwa ya sha, ya wanke ƙafa. Ba a tambayarsa abin da ya kawo shi sai ya huta. Daga nan a hura gawayi a ɗora shayi. Shayin sau 3 ake zubawa: na fari da ɗaci, na biyu daidai, na uku da zaƙi. Wanda ya tashi kafin na uku bai kyauta wa mai masaukinsa ba.

Mai zuwa lokacin ɗari ya riƙo bargo mai kauri. Garin bisa tudu yake, tsakanin duwatsu. Da rana akwai daɗi, amma da dare sanyi yakan shiga har ƙashi.

Abinci

Yawancin abin da ake ba baƙo daga garka yake fitowa, ko daga garken awaki. Akwai tagilla, wato gurasar Buzaye. Ana kwaɓa garin alkama, a share garwashi gefe, a binne kwaɓin cikin rairayi mai zafi, a mayar da garwashin bisa. In ta gasu sai a kakkaɓe, a gutsuttsura, a zuba miyar tumatir da albasa. Ranar da aka yanka akuya, a sa nama.

Akwai kuma furar Abzin. Ana daka gero da dabino da cukun akuya, a dama da ruwa. Ita ce guzurin masu ayari cikin Tenere, don tana riƙe ciki kuma tana kashe ƙishirwa. Geron da ke cikinta yawanci daga gonakin kudu ya zo, domin ruwan saman Abzin bai isa noman gero kamar na kudu ba.

Bayan abinci sai ƴaƴan itace: lemu mai zaƙi, da rumman, da dabino, da inabi in lokacinsa ne. Lemun Timiya yakan nuna da ɗari. Motoci na kai shi kasuwar Agadas, har Yamai.

Yawon ƙafa

Yawo na fari, cikin garake ne. Suna jere a bakin kori, kowace da shingenta da rijiyarta. A nan baƙo zai ga yadda ake ban ruwa da dabba. Ana ɗaura babbar guga ta fata da igiya, a ratayo igiyar bisa itace mai juyawa. Raƙumi ko sa ya ja, yaro na gabansa. Guga ta fito ta juye cikin kwararo, ruwa ya bi lambatu zuwa fangali. Yanzu garake da yawa sun koma ga injin ban ruwa. Ƙarƙashin dabino ake shuka alkama da masara da albasa da tafarnuwa da dankalin turawa. Inuwar manyan itatuwa tana kare ƙananan shuke-shuke daga zafin rana. Manomin rani na Galmi ko na Mirya ba zai rasa abin tambaya a nan ba.

Yawo na biyu, hawan tudu ne zuwa tsohon barikin da Faransawa suka gina cikin shekarun 1950, wanda ake kira Masu. Hawan da ɗan wuya, amma daga can ana ganin garin duka: gidaje, da farin rairayin kori, da koren garake kamar an shimfiɗa zane tsakanin duwatsu.

Yawo na uku, zuwa magangarar ruwa ne, ƴan kilomita kaɗan daga gari. Ruwa na zubowa daga kan dutse zuwa cikin wani tafki mai sanyi. Bayan damina ya fi ƙarfi. Makiyaya na kawo awaki su sha.

Mai ƙarfin ƙafa, ko mai raƙumi, yana iya nufar Asode, kamar kilomita 30 arewa. Tsohon birni ne na Abzin, ya yi kasuwa da masallatai. Yanzu kufai ne, sai bangayen dutse. Yaƙin Kawusan na 1916 zuwa 1917 ya watsa mutanen garuruwan Abzin da yawa. Kada baƙo ya kama wannan hanya shi kaɗai. Ya ɗauki ɗan rakiya ɗan gari, da salkar ruwa, ya kuma tashi tun da asuba.

Abin da baƙi ke kawowa, da abin da ke korarsu

Farin 1973 da na 1984 sun kashe dabbobi masu yawa a Abzin. Mutane da dama suka koma ga garka. Wasu suka sami abin yi wajen baƙi masu yawon buɗe ido, galibi Turawa. Baƙo guda yakan ciyar da gida da yawa: mai masauki, da mai dafuwa, da mai raƙumi, da ɗan rakiya, da maƙerin azurfa, da mata masu ɗinkin fata.

Sai tawaye ya tashi a 1990. Baƙi suka ɗauke ƙafa. An sa hannu kan sulhu ranar 24 ga Afrilu 1995, suka fara dawowa. Wani tawayen ya sake tashi daga 2007 zuwa 2009. A 2010 kuma aka sace ma'aikata 7 a Arlit. Tun daga nan baƙin waje suka yi ƙaranci ƙwarai. Da aka gano zinariya a Jado a 2014, samari da yawa suka bar gida suka nufi haƙa.

Garake dai suna nan, lemu na nuna kowace shekara. Amma su ma ruwa ne ransu. In kori bai kawo ruwa da damina ba, rijiyoyi sukan yi ƙasa. In kowa ya ja da inji ba lissafi, na ƙarshen kori shi ke kwana da ƙishirwa.

Ɗan ƙasa mai niyyar zuwa ya fara tambayar lafiyar hanya wurin hukuma a Agadas, ya kuma bi motar da ta saba hanyar. Mutanen Timiya da yawa suna jin Hausa, don haka magana ba za ta gagara ba. Manomin da ya taɓa saukar da madugu a ƙofar gidansa, in ya je can, ba baƙo ba ne. Ya riƙo ɗan gero tsaraba, zai koma da lemu.