Yadda Ɓera Ya Kusa Sa Mu Sayar Da Rago

Yayana mai ɗaukar hoton biki da suna ne a ƙasar Ruma, daga Batsari har Safana. A watan Satumba na 2021, lokacin da aka rufe layukan waya a yankinmu saboda 'yan bindiga, ya rasa yadda zai ajiye aikinsa a intanet. Sai ya je Kano ya sayo wani ɗan akwati mai fayafayan ajiya biyu a ciki. Ana haɗa shi da rawuta, wato na'urar da ke rarraba sadarwa a gida, kwamfuta ta riƙa zuba masa kaya ko babu intanet. Mu a gida rumbu muke ce masa.

To, a hutun da ya wuce sai rumbu ya fara nawa. Bidiyon biki mai gigabayit 40, wanda a da minti 6 ko 7 ya ishe shi, sai ya koma cin awa guda cur. Mai karatu zai ce awa guda ai ba komai ba ce. Amma mu da hasken rana muke aiki, batirinmu kuwa ya tsufa, kafin isha ya mutu. Ga aikin biki uku sun taru, uwar wata amarya kullum sai ta aiko.

Yaya ya ce rumbu ya gaji, sabo zai saya. Kuɗin kuwa sai an sayar da ragon da Inna ta yi wata bakwai tana kiwo don layya. Inna ba ta ce komai ba, amma na ga ranar ba ta ci tuwo ba.

Na ce, "Yaya, ka ba ni kwana ɗaya in duba." Ya yi dariya ya ce, "Kai da ko kyamara ba ka iya riƙewa ba?" Amma ya bar ni.

Malaminmu na kwamfuta ya taɓa gaya mana cewa in abu ya lalace, a riƙa canja abu ɗaya ɗaya, kada a taɓa duka a lokaci guda. Da fari na zargi Wi-Fi, don katangar gidanmu mai kauri ce. Ashe kwamfutar Yaya da kebul take haɗe. Na ce ko tarin ƙananan hotuna ne, don su sun fi babban fayil ɗaya jan lokaci. Na tura bidiyo guda, nawar tana nan. Na duba fayafayan, lafiyarsu lau, ko rabi ba su cika ba.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, kome na tura, gudun ba ya wuce megabayit 11 a daƙiƙa. Na ɗauki biro na yi lissafi. Bit 8 ke yin bayit ɗaya, saboda haka 11 sau 8 ya ba ni 88, kusa da 100 ke nan. Na buɗe shafin rumbun, sai ga shi ya nuna yana haɗe a kan megabit 100, alhali shi da rawutar duka na 1000 ne.

Nan na bi kebul ɗin rumbun da hannu har bayan buhunan gero. Sai na tarar ɓera ya ɗan gatse shi. A cikin irin wannan kebul akwai siraran wayoyi 8, an murɗe su bibbiyu. Gudun 1000 yana bukatar dukkansu, na 100 kuwa huɗu sun ishe shi. Shi ya sa da ɓera ya yanke ɗaya, na'urorin ba su tsaya ba, sai suka koma ƙaramin gudu shiru, ba su gaya wa kowa ba. Ni wannan shirun ya fi ba ni haushi bisa ga ɓeran.

Muka ciro wani kebul daga kwalin da rumbun ya zo a ciki, muka sa. Gudu ya haura megabayit 100. Kafin magariba aikin biki ukun nan duk sun shige.

Yaya ya dube ni ya ce, "Ashe makarantar nan ba a banza ba." Ya ba ni kuɗin tsire. Inna kuwa ta tashi ta ƙara wa ragonta dusa, ta ce gobe da safe a kwashe geron nan daga ɗakin.