Telan Da Ya Dawo Daga Kurmawa

A da, Yari sarauta ce ta mai tsaron waɗanda sarki ya ɗaure, kuma daga nan aka sami kalmar "gidan yari". A shekarar 2019 Nijeriya ta yi sabuwar doka, aka koma cewa "gidan gyaran hali", da nufin a shirya ɗaurarre domin ranar komawarsa cikin jama'a.

Wani magidanci a Kano ya ga wannan rana. Shekara huɗu ya yi a kurkukun Kurmawa, inda ya koyi ɗinki har ya ƙware. Da ya fito, yayansa ya sayo masa tsohon keke, ya kafa a soron gidansu. Maƙwabta suka yi ta zuwa barka da arziki, amma har wata biyu babu wanda ya kawo masa ko ɗankwali. Ba ƙiyayya ba ce. Gaisuwa kyauta ake yin ta, yadi kuwa sai wanda aka amince wa.

Ana gab da ƙaramar salla, limamin unguwa ya aiko da shadda, ya ce a ɗinka masa kaftani. Da shi ya tafi idi, kuma duk wanda ya yaba ɗinkin, sai ya gaya masa sunan telan. Bayan salla da kwana uku, wata tsohuwa ta aiko jikanta da turmin atamfa, ta ce: "Ka ce masa ya yanka a hankali."