Ranar da na kusa yi wa motar Baba walda

Mai karatu, ka yi mini afuwa, wannan watan ban zo maka da sharhin fim ba. Mako uku na yi ban kalli ko sin ɗaya ba, ina tsugune a wani gareji, baƙin mai har gwiwar hannu. Amma ka daure ka karanta, don a ƙarshe kan fim ɗin za mu dawo.

Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, bai bar wata dukiya ba sai gida da wata jar mota mai ƙofa biyu, Toyota Celica ƙirar 1984. 'Yar Kwatano ya saya tun kafin a haife ni, a cikinta ya riƙa zuwa zance wurin Hajiya. Da ya rasu aka lulluɓe ta da tamfol, shekara biyar kaji na kwana ƙarƙashinta. Yaya ya sha cewa a kira 'yan gwangwan su ɗora ta a sikeli a raba kuɗin, ni ke hanawa. Hajiya ba ta cewa uffan, sai dai duk Juma'a za ta sa a kakkaɓe ƙurar tamfol ɗin.

Kwatsam sai wani furodusa abokina ya zo neman motar da zai sa a fim ɗin da labarinsa ya faru a shekarun 1980. Na ce faɗuwa ta zo daidai da zama: in motar ta fara kawo kuɗi, bakin Yaya ya mutu. Na karɓi kafin alƙalami, muka canza batir da filogi da tayoyi, aka wanke kafireto, ta tashi. Muna hawa kwalta sai wani kuka ya taso daga bayan kujera, kamar iskar hunturu ta samu kafar taga. In na taka totur ya ƙaru, in na ɗaga ƙafa ya canza murya. In na sa giya kuwa sai ka ji ƙwas daga ƙasa.

Na kai ta wurin dattijon da ke yi wa Baba gyara. Ko bonet bai buɗe ba. Ya shiga baya ya zauna, muka zaga unguwa, ya ce, "Ɗana, inji lafiyarsa ƙalau. Bak-aksil ne."

Bari in gaya maka yadda ya fahimtar da ni, don ka san difilomata ta aikin jarida ce. Irin wannan motar da ƙafafun baya take tafiya. Inji na gaba, farfela ta ɗauko juyinsa ta kawo cikin wani tulun ƙarfe da ke tsakanin tayoyin baya. A cikin tulun akwai ƙaramin giya, finiyon, mai juya wani babban faifai mai haƙora, kirawun, sai wasu 'yan ƙananan giyoyi a tsakiya. In mota za ta sha kwana, tafiyar tayar waje ta fi ta ciki tsawo, don haka dole ta fi ta sauri. Ka tuna 'yan fareti: in za su juya, na waje yana buɗe taku, na ciki yana taka wuri ɗaya. Ƙananan giyoyin nan su ke ba kowace taya damar yin gudunta, alhali inji ɗaya ke tura su. Shi ne difaranshal. Tun a 1937 kamfanin Chevrolet ya yi wani ɗan fim kansa, Around the Corner, bai kai minti 10 ba, kuma har yau ban ga bayanin da ya fi shi ba.

Da aka tsiyaye man tulun, abin da ya fito bai cika kofin shayi ba, baƙi ƙirin, ga garin ƙarfe a ciki. Ashe robar da ke tare mai a bakin farfela ta daɗe da bushewa. Mai ya zurare, boris ya ci kansa, haƙoran kirawun suka side, biyu daga ƙananan giyoyin suka ɓantare. Ga wata matsalar: daga ƙarshen 1985 Toyota ta mayar da Celica mai ja da ƙafafun gaba, saboda haka yawancin waɗanda ake yankawa a kasuwa ba su da wannan tulun.

A nan ne wani yaron garejin ya ja ni gefe. "Yallaɓai, ba fim za a yi ba? A sa sabon boris, a yi wa ƙananan giyoyin walda su zama dunƙule ɗaya, gobe ka ɗauki motarka. Kyamara ai ba ta leƙa ƙarƙashi." Mai karatu, ba zan ɓoye maka ba, wallahi na amince a zuciyata. Saura kwana 10 a fita lokeshin, kuɗin mutane kuma na riga na cinye rabi.

Dattijon ya ji mu. Ya ce, "In aka haɗe su, tayoyin biyu gudu ɗaya za su yi ko suna so ko ba sa so. A miƙaƙƙen titi ba ka jin komai. A kwana ta ciki za ta riƙa tirjiya tana cin ƙasa, har wata rana ƙarfen aksil ya iya karyewa. In an yi ruwa kuwa, bayan motar na iya zamewa ya juya da kai. Wa zai tuƙa ta a fim ɗin?" Na ce jarumi, ga jaruma a gefensa. Ya ce, "To, ɗan wani ne da 'yar wani."

Daren nan barci bai ɗauke ni ba. Sau nawa na rubuta a wannan shafin cewa darakta wane, da labari ya karye masa a tsakiya, sai ya liƙa rawa da waƙa a wurin, yana cewa ba mai lura? Wannan ba walda ba ce? Ashe sukar walda na da sauƙi ne in ba aljihunka za a taɓa ba.

Na kuma tuna My Cousin Vinny, fim ɗin Amurka na 1992. Ana tuhumar samari biyu da kisa, sai budurwar lauyansu, wadda ta tashi a gidan makanikai, ta dubi hoton sawun taya ta nuna wa kotu cewa irin difaranshal da ƙafafun bayan da suka bar wannan sawun babu su a Buick Skylark ta 1964 da yaran ke tuƙawa. Da wannan rawar Marisa Tomei ta ci Oscar a 1993. Marubucin ya zauna ya san mota har ƙarƙashinta. Mu kuwa a finafinanmu in mota ta lalace, sai a ɗaga bonet, jarumi ya riƙe ƙugu yana tsaki.

Da safe na kira furodusan na gaya masa gaskiya. Kuɗin da na cika na mayar masa, ka san wa ya ranta mini? Yaya. Bai ce komai ba sai, "In za a gyara, a gyara na gaskiya."

Muka yi ta sintiri tsakanin Ƙofar Ruwa a Kano da Fanteka a Kaduna, sai a kwana na 12 muka samu tsohon tulu cikakke. Dattijon bai yarda an biya ba sai da ya ƙirga haƙora. Ya ce in kirawun na da 41, finiyon 10, to farfela za ta juya sau 4.1 kafin taya ta juya sau ɗaya. In lissafin ya saɓa da na asali, maleji zai riƙa yin ƙarya, jan motar ma ya canza. Ya kuma ƙi haɗa kirawun ɗin wannan da finiyon ɗin wancan, don tare ake gyara haƙoransu tun daga masana'anta. Ya sa sabon boris da roba, ya shafa wa haƙoran fenti ya juya don ya ga inda suke haɗuwa, ya kwance ya ƙara siririyar washa, har sau uku, sannan ya zuba man giya mai lamba 90.

An yi fim ɗin ba da motarmu ba, wata Peugeot 504 suka samu. Har yanzu ina biyan Yaya. Amma ranar Juma'ar da aka gama, na ɗauki Hajiya muka fita. Motar shiru, sai ƙarar inji. Ba ta yi magana ba sai da muka zo shataletale na karya kwana, ta dafa ƙofa ta ce, "Haka yake shan kwanar nan."

'Yan fim, ba zan daina faɗar inda kuka yi walda ba, sai dai yanzu na san abin da ke kai mutum ga yin ta. Sai mun haɗu a wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.