Tirwun Cikin Hunturu: Mata Masu Saƙa Da Lissafinsu

Duk wanda ya bar tsakiyar birnin Bauchi ya kama hanyar Maiduguri, ba zai yi nisa ba sai ya iske Tirwun. A da ƙauye ne mai zaman kansa, amma yanzu gine-ginen birni sun miƙo har sun haɗe da shi. Masu bin tarihi sun san sunan garin, domin a nan ne aka haifi Malam Yakubu, ɗan ƙabilar Gerawa, wanda ya karɓo tuta daga Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ya kafa birnin Bauchi cikin shekarar 1809, ya kuma rasu a 1845. Ni kuwa abin da ya kai ni can hular jariri ce.

Ga yadda aka yi. Cikin watan Disamban da ya wuce Allah ya ba mu ƙaruwa a gidana. A cikin kayan barka sai muka sami riga da hula da safa na saƙar hannu, waɗanda suka zauna wa yaron daram kamar an auna shi, alhali kuwa mai saƙar ba ta taɓa ganinsa ba. Na tambayi wanda ya kawo, ya ce aikin wata gwaggonsa ne a Tirwun. Na ce to, gani ya kori ji.

Mun isa da hantsi, hazo ya rufe duwatsun da ke kewaye da Bauchi, iska tana kaɗawa. Kasancewar gidan na matan aure ne, a zaure aka shimfiɗa mana tabarma. Jim kaɗan tsohuwar ta fito, jikarta tana biye da ita ɗauke da kwando cike da dunƙulen zare. Na durƙusa na ce, "Inna, ina kwana?" Ta amsa da fara'a, ta ce in gyara zama. Tun daga nan har muka tashi yatsunta ba su huta ba.

Da farko ta rarrabe mini aikin gida biyu. Akwai saƙar kwarashi, wadda ake yi da ƙarfe guda mai ɗan ƙugiya a baki. Ita ta fi cin zare, ta fi kauri, ta kuma dace da shawul da marfin kwano da adon bakin riga. Akwai kuma saƙar tsinke biyu, wadda ta fi laushi da miƙewa, saboda haka ita ake yi wa suwaita da safa. A saƙar tsinke, zaren yana jere a kan tsinken kamar ƙananan zobba, waɗanda za mu kira idanu. Idan ido guda ya suɓuce ba a lura ba, sai ya warware ya gangara har ƙasa. Ta ce ita da tsinken tsintsiya ta koya, daga baya ta sami wayar keke ta goge bakinta a kan dutse.

Abin mamaki, duk adon da ake gani a jikin suwaita daga saƙa iri biyu kawai yake fitowa, watau ta gaba da ta baya. Idan aka yi layi guda na gaba, na biye na baya, sai fuskar ta fito sumul, sai dai bakinta yakan nannaɗe. Idan kuwa aka riƙa yin biyu gaba biyu baya a cikin layi ɗaya, sai saƙar ta yi kunya-kunya kamar gonar dawa, tana miƙewa tana komawa. Ita ce ake sa wa a bakin hula da wuyan hannu don su kama jiki. Sauran aikin ƙari ne da ragi: a ƙara ido inda ake son faɗi, a haɗa biyu su zama ɗaya inda ake son tsukewa, kamar tsakiyar hula.

Daga nan muka koma kan zare. Kowa a kasuwa ulu yake ce masa, amma mafi yawan wanda ake sayarwa bai taɓa jikin tunkiya ba. Tumakinmu na Arewa, wato Uda da Balami da 'Yanƙasa, gashi gare su, ba irin sufin da ake kaɗawa ba. Ulun ainihi daga tumaki irin su Merino yake, waɗanda asalinsu ƙasar Sifen ne, yanzu kuma Ostareliya ta yi suna da kiwonsu. Wanda matanmu suke saye zaren roba ne da ake kira akirilik, ana yin sa daga sinadaran man fetur. Kamfanin DuPont na Amurka ne ya ƙirƙiro shi a 1941. Yana da araha, yana jure wanki, asu kuma ba ya cin sa.

Inna ba ta san sunan kamfanin ba, amma ta san yadda ake gane zaren. Ta sa jikarta ta kawo ashana, ta gutsuro ɗan zare ta kunna masa. Nan da nan ya narke ya dunƙule ya zama baƙin ƙulli mai tauri. Na auduga, in ji ta, toka yake zama, da ƙauri irin na takarda. Ulun tunkiya kuwa ƙaurin gashi yake yi. Saboda haka take gargaɗin masu jego da kada su kusantar da jariri ga kaskon gawayi yana sanye da irin wannan riga, kada kuma a ɗora mata dutsen guga mai zafi. Ta ƙara da cewa a sayi zaren da zai gama aiki gaba ɗaya, domin rini yakan bambanta daga kaya zuwa kaya ko da launin ɗaya ne.

Sai na yi tambayar da ta kawo ni: yaya aka yi hular ta yi wa ɗana daidai? Ta yi dariya ta ce, "Ɗan nan, ai saƙa lissafi ce." Ita da yatsu take awo. Jikarta, wadda take makarantar sakandare, ita ta fassara mini da awon tela. Kafin a soma aiki, akan saƙa ɗan ƙyalle na gwaji. A ce faɗin santimita 10 ya ci ido 20. Kan jariri sabon haihuwa kuwa kewayensa wajen santimita 35 ne, ka ga ido 70 ke nan. Amma tun da biyu gaba biyu baya za a yi, dole adadin ya rabu da 4, sai a koma 68, wanda ya ma fi kama kai. Idan aka sake zare, ko tsinke, ko hannun mai saƙa, sai an sake gwaji, domin wata tana matse zare, wata tana sassautawa.

Yarinyar ta nuna mini littafinta na lissafi mai gida-gida, inda take zana ado, kowane gida a matsayin ido guda. Ta ce ta taɓa zana tauraro ya fito a jikin riga a daɓare kamar an danne shi. Dalili shi ne idon saƙa ya fi faɗi bisa tsawo, don haka dole a ƙara layuka a takarda kafin siffar ta fito daidai.

Wannan fasaha ba ta yau ba ce. Tsofaffin kayan saƙar tsinke da aka tono safunan auduga ne na ƙasar Masar, masu shekaru wajen 800 ko fiye, da ado shuɗi da fari. A Ingila, William Lee ya ƙera injin saƙa safa tun 1589. A ƙasar Hausa kuwa kakanninmu mata sun san gurza da shiɓa da kaɗi da mazari da saƙar fate tun kafin zuwan Turawa, don haka zare ba baƙo ba ne a hannunsu sa'ad da makarantu suka shigo da saƙar tsinke. Shirin kyautata rayuwar matan karkara da Maryam Babangida ta ƙaddamar a 1987 ya daɗa yaɗa ta a cibiyoyin koyon sana'a.

To, amma sana'ar tana cikin matsi. A kasuwar Wunti da ta Muda Lawal ana buɗe dilolin gwanjo, ga kuma aikin masu injin saƙa, waɗanda suke gama a yini abin da mai tsinke za ta kwana da kwanaki tana yi. Mai saye ba ya ƙidaya kwanakin, kuɗin zare kawai yake lissafawa. Ga shi kuma cinikin na lokaci ne, daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Duk da haka da shi Inna take zubin adashi, da shi ta yi wa 'ya'yanta mata kayan ɗaki ba tare da ta taka ƙofar gida ba.

Abin da ya fi damunta ba gwanjo ba ne. Idonta ya soma rauni. Ta ce akwai wani adon ganye da ta koya wurin matar da ta riƙe ta, ba ta taɓa rubuta shi ba, yanzu ƙidayarsa ta ɓace mata, mai shi kuma ta riga mu gidan gaskiya. Shi ya sa kowace yamma take zaunar da jikarta, tana faɗa yarinya tana rubutawa. Zuwa yanzu sun cika rabin littafi.

A ganina wannan littafi shi ne abin koyi. Yawancin takardun koyon saƙa da Turanci suke, cike da gajerun alamu da ke rikitar da mai koyo. Ya kamata cibiyoyin mata da hukumomin yaƙi da jahilci na jihohinmu su bi gidaje irin wannan, su tattara ƙidayar da ke kawunan tsofaffi, su buga ta da Hausa, boko da ajami. Da tsohuwar zuma ake magani.

Da za mu tashi na ba da aikin suwaita ta ɗan shekara guda, don hunturun baɗi. Na biya abin da ta faɗa ban nemi ragi ba. Ta ce in dawo bayan mako uku, in Allah ya kai mu.