Ziyarar Masanawa: Rijiyar Kyauta Da Rijiyar Gayya

A wannan watan ɗauko mayafinki za ki yi mu leƙa ƙauye, domin na je na ga abin da ban iya yin shiru a kansa ba.

Idan kika hau mota a Kabuga kika miƙe titin Gwarzo, kika wuce sabuwar Jami'ar Bayero da Rimin Gado, to kin shiga ƙasar Kabo. Masanawa ɗaya ce daga mazaɓu 10 na ƙaramar hukumar, tare da su Garo, Gude, Durun da Godiya. Suna ne ya kai ni, 'yar ƙanwar mahaifiyata ce ta haihu, kuma a tsakiyar bazara, lokacin da gonaki suka zama fili fetal, sai kuka da gawo jefi-jefi.

Tun a alwalar azahar na ji kunya. Na ɗauki buta na yi ta kwarara irin ta 'yan birni, ina ɗagowa na ga Goggo tana kallon ƙasar da ta jiƙe. Ba ta ce komai ba. Daga baya na ji cewa tun asuba 'yan matan gidan suka fita da jarkoki, ɗaya ma ranar ba ta je makaranta ba. Ke da kika haihu kin san ruwan da wankan jego yake ci, tukunya guda safe da yamma har a yi arba'in. Ƙara da wankin tsumman jariri, da girkin suna, da wanke-wanken baƙi, ga dabbobi a turke su ma suna jira. Duk wannan a kan wuyan yara yake shigowa gidan.

Abin mamaki, yankin ba matalaucin ruwa ba ne. Ga dam ɗin Guzu-guzu da na Magaga, ga Pada da Marashi ta wajen Gwarzo, ga babban dam na Challawa a Ƙaraye wanda aka kammala a 1992. Yawancin ƙananan sun samo asali ne daga shirin tare ruwa da aka faro zamanin marigayi Audu Baƙo, gwamnan Kano daga 1967 zuwa 1975. Sai dai ruwan dam ba ya kawo kansa randa. Sai an tace shi, an tura da inji, injin yana son wuta ko gas, bututu kuma yana son kuɗi kafin ya kai ƙaramin gari. Ƙarƙashin ƙasa kuwa, wani dattijo mai haƙar rijiya ya ce da ni, nan yammacin Kano dutse ne shimfiɗe, ba kamar wajen Haɗeja ba inda yashi ke riƙe ruwa. Ruwan a tsagar dutse yake maƙalewa, shi ya sa rijiyar gargajiya ke ƙafewa da bazara, burtsatse ma sai an auna wuri, in ba haka ba a yi asarar kuɗi a ramin banza.

Irin wannan aiki ya fi ƙarfin aljihun ƙauye, ƙaramar hukuma ita kaɗai ma da ƙyar. Shi ya sa ake haɗa hannu. Jihar Kano tana da hukumar RUWASA mai kula da ruwan sha da tsaftar karkara. Tana kuma cikin jihohi 6 da Tarayyar Turai da UNICEF suka yi shirin gyaran harkar ruwa da su tun shekarun 2000, tare da Jigawa, Yobe, Osun, Anambra da Kuros Riba. A 2016 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da PEWASH don karkara, a 2021 kuma Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 700 ga jihohi 7, ciki har da maƙwabciyarmu Katsina. Tsarin kusan ɗaya ne: mai tallafi ya kawo kaso, gwamnati ta kawo nata, mutanen gari su kawo nasu ko da fili ne da yashi da ƙarfin matasa, sannan su kafa kwamiti, maza da mata, wanda zai riƙe rijiyar bayan an tafi.

Wannan kaso na ƙarshe shi ake rainawa, ni kuwa shi na ga amfaninsa da idona. Da la'asar na bi yaran ɗebo ruwa. Mun fara wuce wani famfon tuƙa-tuƙa da wani mai neman ƙuri'a ya yi musu kyauta. Allon sunansa na nan, hannun famfon kuwa akuya aka ɗaure a jiki. Na tambayi me ya lalace, aka ce wata 'yar roba ce a ciki ta cinye. To wa zai gyara? Sai aka ce ai na Alhaji ne, ana jiran ya dawo. Shekara nawa ke nan ana jira.

Can gaba muka isa wadda ke aiki. An kewaye ta da kara, an yi mata magudana zuwa rami don kada ruwa ya kwanta, takalma a waje kamar ƙofar masallaci. Kowane gida yana ba da ɗan abin da aka yanka duk wata, kuma ma'ajin mace ce, wata uwar adashi da kowa ya yarda da amanarta. Na je gaishe ta na ce, Inna, ba a yi muku gardama? Ta yi dariya ta ce, 'yar nan, namiji zai iya cewa a bari sai an sayar da gyaɗa, amma ita da 'yarta ke tafiya rafi ba ta iya jira. In famfo ya fara nauyi ko ruwa ya ragu, mata ne ke fara sani, kafin ya tsaya cik an kira mai gyara an biya shi daga asusun.

Akwai ɗaya ɓangaren da ba mu son faɗa, wato inda ƙazantar ruwa ke tafiya. Masai dab da rijiya, kwata tana bin lungu, yara suna zagayawa bayan gari, damina ta zo ta kwaso komai ta mayar mana cikin guga. Masana suna son a bar aƙalla mita 30 tsakanin masai da rijiya. A 2021 an samu fiye da mutum 100,000 da ake zaton sun kamu da amai da gudawa a Nijeriya, fiye da 3,000 suka rasu, Kano na cikin jihohin da abin ya fi shafa. Jigawa kuwa a 2022 ta zama jiha ta farko da aka tabbatar ta daina bahaya a fili, kuma da irin waɗannan kwamitoci na ƙauye aka kai ga haka.

Uwargida, da yawanmu muna birni amma cibiyarmu a ƙauye take. Kin san labarin Zubaida matar Haruna Rashid da ta jawo wa alhazai ruwa har Makka, kin san falalar shayar da ruwa. In Allah Ya hore miki, ko ƙungiyarku ta Islamiyya za ta haƙa rijiya don iyayen da suka rasu, ku fara zama da dagaci da matan unguwar. Ku tambayi wa zai riƙe asusu, wa zai yi gyara, a ina ake sayen kayan, kuma ku nemi shawarar sashen ruwa na ƙaramar hukuma kafin a sa inji.

Da zan taho na sake biyawa wajen Inna da ɗan abin da ya rage a jakata. Ta ƙi karɓa sai da ta aika jikarta ta ɗauko littafi, yarinyar ta rubuta sunana a ƙarƙashin gidan Goggo, ta karanta mini adadin da ƙarfi a gaban mata biyu.