Safar ɗan makaranta mai keke

Shekarar da na fito daga makarantar horar da malamai ta Tawa, aka tura ni wani ƙauye gabas da Birnin Ƙonni. Da albashina na farko na sayi keke. Kullum da sassafe sai in bi titin da ya ratsa Tsarnawa ya nufi Malbaza, sannan in sauka cikin rairayi da gonakin gero. Ban yi mako biyu ba dugadugina suka saɓule, tsakanin yatsuna ya jiƙe ya fara wari. Wani dattijon malami ya dubi ƙafata ya ce, "Ƙanena, kekenka lafiyarsa lau, safarka ce ba ta da kirki."

Na gyara tawa, na manta da zancen, sai bara.

Akwai wani yaro a ajina da ke zuwa a kan keke daga wata ruga. Kwana uku a jere ya makara, na sa shi durƙuso a rana. Da ya tashi na ga yana ɗingishi. Na ce ya cire takalmin robar da ke ƙafarsa. Bororo ya fashe a diddigensa ya zama gyambo, idon sawunsa duk ƙaiƙayin ƙarangiya. Mahaifinsa rago ya sayar ya saya masa keken nan don kada ya bar karatu, amma babu wanda ya tuna da safa. Kwana 9 yaron ya yi a gida yana jinya. Har yau in na tuna durƙuson nan kunya nake ji. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Iyaye, ga abin da taka feda ya koya mini. Ƙafar da ke kan keke gumi take yi, tana goga da takalmi sau dubbai kafin a isa. Safar auduga zalla tana shan gumi ta riƙe shi, fata ta yi laushi ta saɓule. Ta leda zalla kuma zafi da santsi gare ta. Ku nemi wadda aka gauraya zarenta, marar kauri, mai saurin bushewa. Ku zura hannu ciki ku shafa ɗinkin bakin yatsu. In ya yi tudu, ku bar ta. Kada ku sayi babba wai yaro zai girma a ciki, domin inda ta naɗe, nan bororo ke fitowa. Ta wuce idon sawu, yadda zai cusa ƙafar wandonsa ciki kada sarƙa ta kama. Ko a gwanjo ana samun mai kyau, in an wanke ta sosai.

Ƙafa uku sun isa: ɗaya a jiki, ɗaya a shanya, ɗaya a ajiye. A tsince ƙarangiya kafin wanki, a juya safar baibai, a shanya ta a inuwa, domin ranar Ƙonni tana kashe robar bakinta. Bayan alwala a bar ƙafa ta bushe, har tsakanin yatsu, kafin a mayar da ita. A riƙa yanke farce, a ɗinke huda tun tana ƙarama. Da hunturu a shafa man kaɗanya a diddige da dare saboda faso.

'Yan uwana malamai kuwa, roƙona ɗaya ne. In yaro mai zuwa daga nesa ya fara makara, kafin ka ɗaga murya, dubi ƙafarsa.