Shukar da Ke Son Inuwa

Idan a gidanka akwai lungun da rana ba ta cika sauka ba, gindin mangwaro ko bayan katanga, kada ka yi saurin cewa wurin ba shi da amfani. Kafin ka sa iri a ƙasa, ka ba wurin yini guda kana lura, ka ƙirga awa nawa rana take taɓa shi. Tumatir, tattasai da kuɓewa suna bukatar hasken awa 6 ko fiye kullum. In ka dasa su a inuwa, za su miƙe sirara suna neman haske, ganye ya koɗe, fure ya kakkaɓe, ban ruwanka ya tashi a banza.

Akwai kuwa shuke-shuken da inuwa ta karɓa. Gwaza, mai faffaɗan ganye, tana son wuri mai laima da sassaucin rana. Citta, wadda manoman Kachiya da Kwoi suka yi suna a kanta, tana jure inuwa marar kauri. Haka ma kurkur da na'a-na'a. Na lura cewa abin da ake shukawa domin ganye ko saiwa ya fi wanda ake jiran 'ya'yansa haƙuri da ƙarancin haske.

Ka kuma sani, inuwa suna ta tara. Ta mangwaro tana da kauri, saiwoyinsa kuma suna shanye ruwa, saboda haka sai ka ja zuwa bakin inuwar, ka ƙara taki. Gawo kuwa da damina yake zubar da ganye, shi ya sa gero ke yin kyau a ƙarƙashinsa.

Wannan lura ta shafi waɗanda aka danƙa mana amanarsu. Cikin 'ya'yanka akwai mai iya tsayawa gaban taro, akwai kuma mai shiru, wanda amfaninsa yake girma a ɓoye kamar citta a cikin ƙasa. In ka tilasta wa mai shirun ya zama kamar ɗan'uwansa, za ka ƙone shi da ranar da ba tasa ba, ka kuma rasa abin da yake da shi. Ka san halin kowannensu tukuna, sa'an nan ka dasa shi inda zai yi albarka.